Ina da Naira 400,000 a Sakkwato, wace sana'a zan kama?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina zaune gidanmu a Mabera cikin garin Sakkwato. Na gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi bautar ƙasa a Ibadan, na dawo gida ba aiki. Abin da na tara daga alawus da abin da yayata ta ƙara mini ya kai Naira 400,000. Abokai kowa da tasa: wani ya ce POS, wani kayan waya, wani ƙanƙara tunda garinmu akwai zafi. Kawuna ya ce in kawo kuɗin ya saya mini albasa a ajiye sai ta yi tsada. Mahaifina kuma ya ce in bar kuɗin inda suke, in jira aikin gwamnati. Abin da ke tsorata ni shi ne, bara na gwada sayar da shadda da takalma ta sitatus na WhatsApp. Mutane su kalla, su ce Allah sa albarka, su wuce. Waɗanda suka ɗauka kuwa bashi suka ɗauka, har yau ina bin wajen Naira 60,000. Wani abokina ya ce laifina ne da ban biya Facebook sun tallata mini ba. Malam, wace sana'a zan kama, kuma ta yaya ake samun masu saye?

Ƙaninka daga Mabera

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa yayarka da alheri, don a wannan marra ba kowa ke ciro kuɗi ya ƙara wa ɗan'uwa jari ba.

Tambaya biyu ka yi, ka sa ta sana'a a gaba, ta masu saye a baya. Ni juya su zan yi. Mai kuɗi irin naka, waɗanda in sun tafi babu wasu a bayansu, ba kaya yake fara nema ba. Mai saye yake fara nema, shi ne zai gaya masa abin da zai saro, da yawansa, da lokacin da ake so. Alhazan kasuwa masu sito suna iya jibge kaya su jira ciniki ya zo. Kai ba ka da wannan sararin.

Mu fara da shaddar nan, don a nan ciwon yake. Ɗauki wayarka ka duba su wa ke kallon sitatus ɗinka. Ba ya zuwa ga kowa sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Su wa ke nan? Abokan karatu da ke zaune kamar yadda kake zaune, 'yan majalisarku, ɗiyan gwaggo da na kawu. Kashi biyu ne: waɗanda ba su da kuɗin shadda, da waɗanda ba za ka iya buɗe baki ka ce su biya ba. Na farko suka ce Allah sa albarka, na biyu suka tafi da Naira 60,000. Mai kuɗin ɗinka shadda a garin nan kuwa yana da mutuminsa a Babbar Kasuwa shekara da shekaru, wanda ya san irin wadda yake so, yake aika masa har gida, ya yi masa rangwame in Sallah ta zo. Me zai sa ya bar wannan ya zo wurinka? Ba ka tanadi amsar wannan ba kafin ka saro kayan. Saboda haka kada ka ɗauka ba ka da ƙashin kasuwanci. Kaya ka kai inda babu masu sayensu.

Abokinka mai maganar Facebook bai yi ƙarya duka ba. In ka biya, za su nuna hotonka ga baƙi masu yawa, har ka zaɓi gari da shekarun waɗanda kake so su gani. Amma tallar kuɗi ƙara wa abin da ke tafiya gudu take yi, ba ta tayar da abin da ke kwance. Baƙon da bai san ka ba, ya ga shaddar da zai samu ko'ina, a farashin da bai fi na ko'ina sauƙi ba, wucewa zai yi kamar yadda abokanka suka wuce, sai dai wannan karon ka biya kuɗin wucewar tasa. Ka ajiye wannan shawara zuwa ranar da kake da abin da ka tabbata ana saye ana dawowa.

POS ta yi kasuwarta a farkon 2023, lokacin da sauya takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma transfa. Tun daga nan kusan kowace kusurwa ta samu lema da teburi. Ka tsaya a bakin titin shiyarku ka ƙirga su da idonka. Ribar ɗan kamasho ce a kan kowace cira, jarin kuma shi ne hajar, yana zaune a aljihunka tsirara. Alat ɗin ƙarya ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya isa ya cinye ribar wata biyu. Tana yi wa wanda ya samu wurin da kuɗi ke juyawa kuma babu mai yi kusa, misali bakin Kara ranar da dabbobi suka shigo, ko kasuwannin ƙauye da babu banki. Na farko an riga ka, na biyu kuwa ka san halin da hanyoyin gabashin jiha suke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da sassan Goronyo da Rabah. Ban ba ka shawarar yawo da tsabar kuɗi a can ba.

Kayan waya ba zan daɗe a kansu ba. In gyara za ka koya, wannan sana'a ce a hannu, ka nemi maigida ka zauna ƙarƙashinsa. In caja da marfi ne kawai za ka jera a gilashi, kuɗin shago ne zai fara cinye ka.

Ƙanƙara kowa ya ga zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, sai ya ga kamar kuɗi ne a ƙasa. Amma mai ƙanƙara wuta yake sayarwa, ba ruwa ba. Tambayi kanka awa nawa ake kawo wuta a layinku. In da janareta za ka yi, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023. In sola ce da firiza mai kyau, kuɗinka ba su isa ba, ko kuma su isa ka tashi ba ko kwabon juyawa. Sannan hunturu zai shigo a Disamba, ka zauna kana kallon firiza. In ranka na son harkar, kada ka yi ƙanƙara, ka saro a wurin masu yi ka kai wa masu zoɓo da kunun aya da masu lemo a lokacin zafi da azumi. Kula biyu da babur na haya sun isa gwaji.

Maganar kawu ta fi sauran nauyi, don shi a kan abin da ƙasarmu ta iya yake magana. Albasa da tafarnuwar fadamun Rima, daga Kware zuwa Wurno da Goronyo da Gada, su ne ke cika manyan motocin da ke gangarawa kasuwar Mile 12 a Legas da Onica da Fatakwal, har da ƙetare iyaka. Lissafin da kawu ke yi ma daidai ne a takarda: daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu albasar rani na fitowa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, in damina ta yi nisa zuwa ƙarshen shekara ta yi ƙaranci, farashi ya tashi. Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne abin da ke faruwa a cikin rudu, wato rumbun da ake ajiye albasa, tsakanin waɗannan watanni. Albasa ruwa ce, tana ramewa. Zafi ya dafa wata, laimar damina ta ruɓar da wata, wata ta tsiro. Dole a riƙa buɗewa ana tsincewa, don ruɓaɓɓiya ɗaya tana kama maƙwabtanta. Buhunan da ka zuba ba su ne za ka kwasa ba. Wanda ya iya ajiya ya san wadda ta ƙosa kafin a cire, ya san wadda aka cika wa taki da ruwa ba za ta jure ba. Kai ba ka sani ba tukuna, kuma ba kai za ka riƙa duba rudun ba.

Ƙari a kan haka, kuɗinka za su kwanta wata shida ko fiye ba ka taɓa ko sisi. Me za ka ci a tsakani? Data ma wa zai saya maka?

In har kana son ka faranta wa kawu, kuma ka san shi mai harkar ne da gaske ba mai jin labari ba, ba shi abin da bai wuce Naira 100,000 ba, a kan ƙiradi kamar yadda malamanmu suka karantar: kuɗi naka, wahala tasa, riba a raba bisa kason da kuka yanke tun farko, rabi da rabi ko yadda kuka amince, ba wai a ce zai ba ka kaza a wata ba. In an yi asara ba da sakacinsa ba, a kan kuɗinka take, shi kuma ya yi asarar guminsa. Ku rubuta, da shaidu biyu, da adadin buhuna da wurin da aka ajiye. In ya ce haba, tsakanina da ɗana sai takarda, ka ce masa cikin ladabi ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta mu'amalar kuɗi ta sauka, kuma kuɗin ba naka kai kaɗai ba ne. Zumunci da yawa a kan kuɗin da ba a rubuta ba ya tsinke. Kuma duk ranar da za a buɗe rudun, ka je. Karatun da za ka samu a nan ya fi ribar.

Ga abin da ni nake gani ya dace da kai. A garin nan akwai mutanen da ke sayen abu ɗaya kowace safiya ta Allah, ko ana zafi ko ana sanyi, ko an biya albashi ko ba a biya ba: masu abinci, masu shayi, masu tsire da balangu, masu masa, masu dafa wa ɗalibai a kewayen jami'a da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, da masu abincin bakin asibitin koyarwa. Albasa, tattasai, attaruhu, tumatir, ƙwai, gawayi, man gyaɗa. Da yawansu mata ne da ke tashi tun asuba, su biya kabu-kabu zuwa Kasuwar Daji ko Ramin Kura da dawowa, ko su aiki yaro ya dawo da abin da ya ga dama da canjin da bai cika ba. Waɗannan ba sai ka shawo kansu su so albasa ba. Suna saye tun kafin a haife ka. Abin da za ka sayar musu shi ne hutu da amana.

Don haka mako biyu na farko kada ka kashe komai sai kuɗin abin hawa. Ka zaga wurin mutum 20 daga cikinsu, ba lokacin da ciniki ya kankama ba, sai hantsi ko bayan azahar. Ka sayi abinci ka ci, ka gaisa, sannan ka tambaya: Hajiya, ina kike sayen kayan miya? Na nawa a rana? Wa ke zuwa? Me ya fi ba ki ciwon kai? Ka rubuta in ka fita, ba a gabanta ba. Da asuba kuma ka kasance a kasuwa kana kallon yadda ake sauke kaya, yadda dillali ke yanka farashi, nawa la'ada, nawa ɗan dako, yadda kwandon safe ya bambanta da na yamma. Ka nemi dattijo ɗaya a cikin 'yan gwari ka riƙa gaishe shi, ka taya shi tsintar kaya in ya yarda. Da ɗan gari akan ci gari, kuma in suka ga fuskarka kullum sai su daina yi maka farashin baƙo.

Bayan nan ka koma wurin waɗanda suka sake da kai ka ce: gobe in kawo miki kafin ƙarfe bakwai, a farashin da kike saye, ba kuɗin mashin? In uku suka ce to, ka fara da uku. Da odarsu a hannu za ka shiga kasuwa, ka sayi daidai abin da aka ce da ɗan ƙari kaɗan. Ribarka tana tsakanin sari da kiri: kai ka sayi buhu ko kwando, su da kashi-kashi suke saye. Bari in yi maka lissafi na misali kawai, ba farashin kasuwa ba ne, kai za ka sa na gaskiya. A ce masu abinci 10, kowace na ɗaukar kayan Naira 8,000. Jarin da ke aiki bai wuce Naira 80,000 ba, kuma yana dawowa a ranar. In ka tsira da Naira 500 a kan kowace bayan ka cire dako da mai da abin da ya lalace, Naira 5,000 ke nan, a kwana 26 Naira 130,000. Ba shago, ba firiza, kuma fiye da rabin kuɗinka na nan ba ka taɓa ba. In abin bai yi ba, a mako ɗaya za ka gane, asararka kwando biyu ce ba jari ba.

Na san abin da ke ranka: mai digiri da buhun albasa a bayan mashin, a garin da kowa ya san gidanku. Za a yi magana, mako biyu ne. A birnin da ake ruwaito cewa Shehu Usmanu da kansa igiya yake tuƙawa don ya ci daga guminsa, ban ga wanda zai yi maka gori ya ci riba ba. Digirin kuma ba ajiye shi za ka yi ba, shi ne zai sa ka riƙe littafi yadda sauran ba sa yi.

Akwai wani jari da ka ambata a wasiƙarka ba ka lura ba: shekarar da ka yi a Ibadan. Wayarka tana da lambobin da ba na Mabera ba. Abokan bautar ƙasa da suka watsu jihohi, matar mai gidan da ka yi haya, mai abincin da kake ci a wurinta, malaman makarantar da ka koyar in koyarwa ka yi. Waɗannan mutane suna sayen kayan Arewa a kasuwar Bodija ta Ibadan da tsada bayan ya bi hannu huɗu ko biyar, kuma sun san ka, sun san halinka. Su ne ya kamata su ga sitatus ɗinka. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ba saƙon da ake turawa kowa ba, ka ce na koma gida Sakkwato, nan ne tushen tafarnuwa da albasa da kilishi, me kike so in aiko a gwada? Ka fara da abin da ba ya lalacewa a hanya: tafarnuwa, busasshen barkono, zoɓo, kilishi, da takalma da jakunkunan fata. Fatar jar akuyar Sakkwato sunanta ya kai Turai tun zamanin ayari, kuma masu aikinta suna nan a shiyar Madunka, da yawansu gwanaye ne a ɗinki amma ba su da mai kai kayansu gaba. Tumatir da ɗanyen tattasai ka bar wa masu manyan motoci.

Dokar wannan ɓangare ɗaya ce: kafin alƙalami. Aƙalla rabin kuɗi ya shigo kafin ka sayi kaya, cikon kafin mota ta tashi ko da zarar kaya sun isa, gwargwadon yadda kuka saba. A tasha ka ɗauki hoton kayan a ɗaure da suna a jiki, da lambar mota, da lambar direba, ka tura wa mai kaya. Ka tambayi kuɗin mota tun kafin ka faɗi farashi, don shi ke cinye ribar sababbin shiga. Harkar Illela da Ƙonni kuwa ka dakata mata. An rufe iyakar a 2019 har ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Mai ƙaramin jari ba ya jure kayansa su kwana a bakin iyaka.

Yanzu ga talla, tunda ita ce rabin tambayarka. Ka ware layi na kasuwanci daban, ka sa WhatsApp Business, kyauta ne kuma yana da wurin jera kaya da farashi. Hoto ka ɗauka da hasken rana, na kayanka na gaske, ba wanda ka kwaso a intanet ba. Ka rubuta farashi a jiki. Wannan ɗabi'a ta "mai so ya biyo ni ta ciki" tana korar mutane, don mai kunya ba zai tambayi "nawa na?" ya ji ya fi ƙarfinsa ba, gara ya yi shiru. Ɗan bidiyo na rabin minti daga kasuwa da safe, kana nuna buhun da aka buɗe da muryarka kana faɗin farashin yau, ya fi hoto goma masu ado. 'Yan kasuwarmu da mata da yawa saƙon murya suka fi saurara a kan rubutu, ka yi musu da abin da suke ji. Kuma ka amsa da wuri. Wanda ya tambaya da safe ka amsa da magariba, ya riga ya saya.

Amma a Sakkwato har gobe baki ya fi waya. Mai abincin da ka kai wa kaya kafin bakwai, kwana 30 ba fashi, ita ce rediyonka. In kun saba, ka roƙe ta kai tsaye: Hajiya, wa kika sani mai buƙata? Wadda ta kawo maka mutum ka yi mata gyara mai kauri a ranar, ta gani da idonta. Yayarka ma kada ka tsaya ga kuɗinta kawai. Tana shiga gidajen da kai ba ka shiga, tana cikin zaurukan mata na biki da suna da adashi, inda ake neman mai kawo kayan miya da yawa in hidima ta taso. Ka ba ta kaso a kan duk odar da ta kawo. Tallar Rima Radio ko Vision FM lokacinta na zuwa, ba yanzu ba.

Wani abu da zai bambanta ka da mutane da yawa ba tare da ka kashe kwabo ba: ƙasan buhunka ya zama kamar samansa. Kowa ya san al'adar jera manya a baki a cusa ƙanana da masu tabo a ciki. Hadisi ne ingantacce a Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ta fuskar kasuwa ma, matar da ke Ibadan in ta zazzage buhu ta ga ƙasa kamar sama, ba za ta sake neman wani ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabciyarta. In kaya sun samu matsala, kai ka fara faɗa ka rage kuɗi kafin a kira ka.

Bashi shi ne ya kayar da kai bara, shi ne kuma zai sake gwada ka. Masu abinci za su ce kawo da safe in biya da yamma. Wannan ana iya yi da wadda kuka saba, da sharaɗi ɗaya: ba a ɗora na yau a kan na jiya. Ba ta biya ba, gobe ka zo ka gaishe ta hannu rabbana, ba faɗa ba ɗaure fuska. 'Yan'uwa da abokai kuwa kana da amsar da gaskiya ce: wallahi kuɗin ba nawa ni kaɗai ba ne, da na Yaya, kuma lissafi nake ba ta duk wata. Ka mayar da hakan gaskiya, ka riƙa nuna mata littafin. Wanda ka ga yana cikin matsi da gaske, ka ba shi kaɗan kyauta daga ribarka ka san sadaka ka yi, ya fi ka rubuta bashin da kai da shi kun san ba za a biya ba. Kuɗin sana'a su zauna a asusu daban, ka yanka wa kanka abin kashewa na mako, cefanen gida da gudummawar biki daga nan za su fito ba daga uwar kuɗi ba. Transfa kuma sai ka buɗe asusunka ka ga ta shiga, hoton rasit ba kuɗi ba ne.

Takardu ba su da gaggawa a watan farko. In abu ya fara tsayawa, ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana yi ta intanet, don ka buɗe asusu da sunan sana'ar. Baƙo ya fi sakin jiki ya tura kuɗi can. In ka kai ga niƙa yaji ko garin tafarnuwa kana ƙullawa da tambari don shaguna, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. Ka yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, ba ta da illa. Rance kuwa kada ka ci yanzu, musamman na manhajojin waya masu ruwa da tona asiri. In buƙata ta zo nan gaba akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin Jaiz da TAJ, su ma littafinka za su fara tambaya. Duk wanda ya ce kawo kuɗin fom a sa ka cikin tallafi, ko zuba a ninka maka, ka tuna yadda tsare-tsaren ninka kuɗi suka rushe da kuɗin jama'a: MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a Afrilun 2025.

Baba ba ƙin ci gabanka yake yi ba. Ya ga Naira 60,000 sun tafi, yana tsoron sauran su bi su, kuma a zamaninsu takarda na kai mutum ofis. Kada ka yi masa gardama. Ka same shi bayan isha'i ka ce: Baba, ba zan daina neman aiki ba, duk inda aka buɗe zan cika. Naira 250,000 za su zauna ba na taɓawa, ko a hannunka ma in ka so. Da sauran zan gwada abu kaza na wata uku, in kawo maka lissafi. Da wuya uba ya ƙi wannan. In ka ba kawu nasa kason, ka faɗa wa Baba adadin tun farko ka rage daga na ajiya. Abu ɗaya kawai ka roƙe shi: ko wa ya zo da maganar a biya kuɗi a samo maka gurbin aiki, kada a taɓa waɗannan.

Su kuma masu Naira 60,000, ka rubuta sunayensu yau da abin da kake bin kowa. Ka je da ƙafarka, kada ka yi habaici a sitatus. Ka ce za ka fara sana'a ranar kaza, kana buƙatar kuɗinka, ko dubu bibbiyu ne duk Juma'a ka karɓa. Wanda ya san zai dawo da takalmin da bai sa ba, ka amsa. In ka gama zagayen masu abincin nan 20, ka rubuto mini abin da suka ce suna saye da abin da ke damunsu, mu duba wanne za ka fara da shi.